Koyil na janyewa gefe a injin tsaga ƙarfe: ina laifin mai turawa ya tsaya?

"Assalamu alaikum Maigida. Ni mazaunin Agege ne, ina aiki a wata masana'antar ƙarfe a Ikorodu. Da ina ɓangaren ɗaure kaya, yanzu an dawo da ni bakin injin da ke tsaga koyil, ni ke tura kan ƙarfen. Abu uku ne suka dame ni. Ƙarfen yana janyewa gefe guda har sharar gefen ta tsinke. Tsagin da ke gefe yana saki yana lilo, alhali na tsakiya ya ɗame. Sannan masu saye suna dawo da kaya wai bakin yana da kaifi. Duk ukun oga ya ce hannuna ne. Da gaske laifina ne? Kuma yaya ake tura ƙarfe daidai?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa albarka a wannan sabon matsayi. Idan na fahimce ka, kana son sanin wanne ne daga cikin ukun yake hannunka, wanne ne ba ya hannunka, sannan yadda za ka kai kan koyil, wato babban naɗin fallen ƙarfen nan, daga bakin inji zuwa inda ake naɗe shi ba tare da ka ɓata kaya ko ka ji ciwo ba. To, na farko yawanci naka ne, kuma yana gyaruwa. Na biyu ba naka ba ne, ba kuma na kowa a masana'antarku ba ne, da shi koyil ɗin ya zo daga inda aka murza shi. Na uku na wanda ya jera wuƙaƙe ne, sai dai kai ne ya kamata ka fara ganinsa. Ogan da ya haɗa ukun ya aza a kan mutum ɗaya bai yi adalci ba, kuma ya hana kansa samun gyara.

Koyil ɗin da ke zuwa muku galibi daga jirgin ruwa yake, a sauke shi a Apapa ko Tin Can, tirela ta kawo shi. Faɗinsa yakan zama milimita 1000 ko 1219 ko 1250, idonsa, wato ramin tsakiyarsa, kuma 508 ko 610. Mai yin bututu ko ƙofa ko gorar rufi ba ya bukatar wannan faɗin, sirara yake so, shi ya sa ake tsagawa. Keken ɗaukar koyil yana ɗaga shi ya zura idonsa a ganga mai buɗewa, rola ta danne bayansa, a ɓanɓaro kan, ya bi ta rola masu kamawa da masu miƙarwa, babbar wuƙa ta datse kan, 'yan rakiyar gefe, wato rolar da ke tare shi hagu da dama, su daidaita shi, ya shiga tsakanin shaf, wato sandunan ƙarfe masu juyawa, guda biyu masu ɗauke da wuƙaƙe masu zagaye. Daga nan sharar gefe ta yi nata wuri, tsagin ya tsallake rami, ya ratsa matsi, ya hau gangar naɗi. Duk abin da ya shiga a karkace daga farkon wannan layi, babu inda zai miƙe da kansa a gaba.

Janyewa gefe

A nan zan fi daɗewa domin shi ne aikinka. Mu ɗauki koyil mai faɗin 1219 da za a fitar da tsagi takwas masu faɗin 150 daga cikinsa. Takwas ɗin sun ci 1200, saura 19, wato tara da rabi a kowane gefe. Idan ka ɗora koyil ɗin ya kauce wa tsakiyar inji da milimita 5 kacal, gefe ɗaya ya koma 14 da rabi, ɗayan ya koma 4 da rabi. Wannan siririyar sharar ba za ta jure jan injin naɗe shara ba, dole ta tsinke. In kuma kaucewar ta ƙaru, wuƙar gefe za ta fita daga ƙarfen gaba ɗaya, tsagin ƙarshe ya fito da faɗin da bai cika ba. Milimita 5 kuwa ido ba ya kama ta a jikin abu mai nauyin tan biyar ko goma. Saboda haka kada ka yarda da ido. Kowane inji yana da layin tsakiya. In babu alamarsa, ku nemo shi ku sa masa fenti ko ku zana shi a jikin teburin shiga. Kafin ganga ta buɗe ta kama koyil, sa tef ka auna daga gefen koyil zuwa wannan layi, hagu da dama. Minti ɗaya ne, kuma a iya abin da na gani a bakin inji, shi ke maganin mafi yawan janyewa.

Bayan haka duba koyil ɗin kansa. Wani yakan zo naɗinsa ya zame, da'irorin ciki sun turo waje ta gefe guda, ko saboda tun asali ba a naɗe shi da ƙarfi ba, ko saboda jijjigar hanya. Irin wannan ko ka daidaita shi a farko, yana warwara gefensa yana tafiya. Injin da ke da idon lantarki mai bin gefen ƙarfe yana matsar da ganga da kansa, amma a masana'antu da dama idon ya mutu ko ƙura ta rufe shi ba wanda ya kula. Ka goge shi kowace safiya ka gwada ko yana amsawa. In babu shi, sai a rage gudu, mutum ɗaya ya tsaya a kan maɓallin matsar da ganga yana bin gefen.

Kan koyil kuma kusan kullum a lalace yake zuwa, ya lanƙwashe ko ya bugu ko ya yi tsatsa. Wasu ogogin suna jin zafin a datse shi, suna ganin asara ce. Ni dai ra'ayina a datse, a kuma datse shi a miƙe. Kan da aka yanke a karkace, kusurwa ɗaya ce za ta riga isa wuƙa, wuƙar wannan gefen ta fara ja kafin ta ɗaya gefen ta kama, shi ke nan ƙarfen ya ɗauki hanyar da zai bi har ƙarshe. Guntun da ka datse 'yan gwangwan za su saya, amma koyil ɗin da ya tafi a karkace mai saye ba zai karɓa ba.

'Yan rakiyar gefe su ne abin da sababbin ma'aikata suka fi yi wa mummunar fahimta. Da sun ga ƙarfe na janyewa sai su ƙara matse su. Ai ba a yi su don su yi kokawa da ƙarfe ba, nuna masa hanya kawai suke yi. In ka matse, ƙarfe mara kauri kamar 0.4 ko 0.5 zai naɗe bakinsa ko ya yi tozo a tsakiya, mai kauri kuma ya cinye rolar. Ka kawo su su kusa taɓa gefen ka bar ɗan sarari kaɗan. Idan ka ga ƙarfen ya nace yana dannan gefe ɗaya duk da cewa ka daidaita koyil, to koma kan rola masu kamawa. In matsinsu ya fi ƙarfi a gefe guda, ko robarsu ta cinye a gefe guda, su ne ke tuƙa ƙarfen. Haka birkin ganga, in ya yi sako-sako ƙarfen yana zuwa a sake yana yawo, in ya yi tsauri yana fizga. Waɗannan na makanikai ne, amma kai za ka nuna musu.

Akwai kuma koyil da tun daga masana'antar da ta murza shi gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya yi baka. Gane shi ba wuya. Yanki kamar mita biyu ko uku ka shimfiɗa a ƙasa inda babu tudu babu kwari, ka ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa ta gefe guda. In akwai sarari tsakanin zaren da bakin ƙarfen a tsakiya, baka ce, kuma ba hannunka ne ya yi ta ba.

Sakin tsagin gefe

Wannan dai ko wa aka kawo bakin injin sai ya gan shi. Lokacin da ake murza ƙarfe, rolar da ke danna shi tana ɗan lanƙwasa, don haka tsakiyar fallen yakan fi gefensa kauri da ɗan abin da sai maikiromita, ma'aunin kauri, ke gani. Duk tsagin kuwa a kan ganga ɗaya ake naɗe su, juyi ɗaya suke yi. Mai kauri naɗinsa yana saurin girma, don haka kowane juyi yana jan tsawo fiye da mara kauri. Ga lissafi don ka nuna wa oga. A ce tsakiya 0.50 ne, gefe 0.49. Bayan juyi 500, naɗin tsakiya ya fi na gefe faɗin da'ira da milimita 10, wato a wannan juyin kaɗai ya ja kusan milimita 31 fiye da na gefe. In ka tara bambancin tun daga juyin farko, tsagin gefe ya bar rarar kusan mita takwas. Wannan rarar dole ta sami wurin zuwa, kuma dalilin da ya sa aka haƙa rami a tsakiyar layin ke nan. Lilon da kake gani a cikin rami aikin ramin ne yake yi.

Matsalar tana farawa ne in ramin bai kai zurfin da ake bukata ba, ko ya cika da shara, ko ruwa ya kwanta a ciki, abin da ba baƙo ba ne a Legas da damina domin ruwan ƙasa a kusa yake. Ƙarfe ya taɓa ƙasan rami, sai ya kwaso yashi da ruwa ya kai cikin matsi, ya fito da zane a jiki. Sai kuma matsin kansa. A yawancin injinan da ke nan, katako ne biyu da aka lulluɓe da bargo mai kauri suna danne tsagin, domin kowane tsagi ya hau ganga a ɗame ko da ya fito daga rami a sake. Bargon in ya sha mai ko ruwa, ko ya cinye, ba ya riƙewa, sai naɗin gefe ya fito lagwai-lagwai ya zube da an sauke shi. Canja bargo ba tsada gare shi ba, amma sau da yawa sai an yi ta roƙo kafin a saya. Idan rami ya kasa, mafita ita ce a raba koyil ɗin biyu, a naɗe rabi a sauke sannan a ci gaba, tun da rarar tana ƙaruwa ne da girman naɗi.

Abin da nake roƙonka da babbar murya shi ne kada ka yarda a sa ka cusa kwali ko takarda cikin naɗin da ya saki alhali ganga tana juyawa. Tsohuwar dabara ce, ana yinta har yanzu, kuma ta ci hannuwa da yawa. Wurin da ƙarfe ke hawa ganga ba ya sakin abin da ya kama. Safar hannu ma a nan ba kariya ba ce, ita ce ake fara kamawa ta ja hannun ciki.

Kaifin baki

Wuƙaƙen nan ba sa yanka ƙarfe har ƙasa. Suna shiga wani ɓangare na kaurin, sauran ya karye da kansa. In ka ɗauki guntu ka duba bakinsa a haske za ka ga sashe mai sheƙi, inda wuƙa ta shiga, da sashe mai duhu-duhu, inda ya karye. In layin da ya raba su ya tafi a miƙe, jerin ya yi kyau. Abin da ke sa hakan shi ne tazarar da ke tsakanin wuƙar sama da ta ƙasa ta gefe. Kamar almakashin tela ne, in kusoshinsa ya saki sai ya riƙa tauna yadi maimakon ya yanka. Ga baƙin ƙarfe mai laushi, abin da aka saba farawa da shi shi ne kusan kashi 10 cikin 100 na kaurin, wato 0.1 ga falle mai kaurin milimita 1. Alminiyon yana son ƙasa da haka, ƙarfe mai tauri yana son sama da haka. Tazara ta yi yawa, bakin zai lanƙwashe ya fito da tsini. Ta yi kaɗan, sheƙin zai cinye kusan duk bakin, wuƙa ta yi saurin dakushewa, tsinin kuma ya sake fitowa. Haka in an nutsar da wuƙar sama cikin ta ƙasa fiye da kima.

Ka lura da ƙanƙantar waɗannan lambobi. A falle mai kaurin 0.5, tazarar 0.05 ake magana. Ɗan datti ko tsatsa da ya maƙale tsakanin wuƙa da zoben da ke raba ta da 'yar'uwarta ya isa ya rushe lissafin. Iskar Legas mai laima da gishiri kuwa ba ta barin ƙarfe tsirara ya kwana lafiya. Zobba da wuƙaƙe a goge su, a shafa musu ɗan mai, a ajiye su a rufe, ba a zube su a ƙasa ba. Zobban roba da ke riƙe tsagin kusa da wuƙa su ma in sun cinye ko girmansu bai dace da wuƙar da aka wasa ba, ƙarfen zai riƙa karkata a wurin yanka.

Naka a nan shi ne tsayawa ka duba. Da kan ya wuce wuƙa da mita ɗaya ko biyu, a tsayar da inji. Auna faɗin kowane tsagi da baniya, wato ma'auni mai baki biyu da ke zamewa, auna kauri da maikiromita a tsakiyar tsagin, sannan a bakinsa. Bambancin shi ne tsayin tsinin, kuma yawancin masu saye ba sa son ya wuce kashi 10 cikin 100 na kaurin. Kada ka gwada da yatsa. Ka kuma san cewa tsinin tsagi ɗaya yana kallon sama, na kusa da shi yana kallon ƙasa, haka jerin wuƙa yake. Masu yin bututu sukan damu da inda yake kallo, don haka a tambaye su kafin a ɗaure kaya. Kaurin da aka rubuta a takardar koyil ma ka auna shi da kanka, domin in an jera wuƙa don 0.6 alhali abin da ya zo 0.5 ne, tazarar ta riga ta yi yawa tun kafin a kunna inji.

Turawar kanta

Langa-langar da ta zagaye bayan koyil ita ce ta ƙarshe da ake yankewa, kuma sai rolar dannewa ta sauka ta riƙe kan. Ka tsaya daga gefe, kada ka fuskance ta. Ƙarfe mai kauri yana da ƙarfin buɗewa da zai iya jefar da mutum, langa-langar kuma tana tsalle zuwa fuska. Duba ta ina koyil zai warware, ta sama ko ta ƙasa, musamman mai fenti, domin fuskar da mai saye ke so a waje ita ke yanke wannan.

Duk turawar da gudun taku-taku ake yinta, wanda sai ka danne maɓalli yake motsi, ka saki ya tsaya. Mutum ɗaya ne a kan maɓalli, kuma ba ya dannawa sai yana ganin hannuwan kowa. A masana'antun Ikorodu da Ikeja za ka tarar da Bahaushe da Bayarabe da Ibo a layi ɗaya, wani lokaci shugaban aikin ɗan Indiya ne ko ɗan China, ga ƙarar inji. Ihu ba ya isa, kuma kalmar da ka faɗa ba lalle a ji ta yadda ka nufa ba. Ku zauna ku yarda a kan alamun hannu na tsaya, matsa, koma baya, kowa ya san su. In kan ƙarfe ya maƙale, da sanda ko ƙugiya ake taɓa shi. In dole sai hannu ya shiga kusa da wuƙa ko rola, a kashe wuta daga babban makunni, ka sa kwaɗonka, makullin yana aljihunka.

Teburan da ke rufe rami suna sama lokacin da kan ke wucewa. Ka raba tsagin kowanne a gidansa tsakanin fayafayan rabawa, na gaban matsi da na saman ganga, ka tabbata ba wanda ya hau kan wani kuma suna layi ɗaya da wuƙaƙe. Kawunan su shiga bakin ganga daidai wa daida, a kama su, a yi juyi biyu ko uku a hankali, a rufe matsi, a sauke tebura, a ba rami ɗan lilo, sannan a riƙa ƙara gudu kaɗan-kaɗan. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar gudu, kafin janareta ya ɗauka ganga mai warwara takan yi gaba da nauyinta ta zubo ƙarfe a sake. Kada a tashi da gudun da aka tsaya da shi. A koma taku-taku, a janye sakin, a duba gefe da wurin da wuƙa ta tsaya. Wutsiyar koyil kuma a rage gudu tun kafin ta bar ganga, domin da ta kuɓuta ba abin da ke riƙe ta, tana bulala, kuma mita na ƙarshe su suka fi janyewa gefe.

Koyil mai ruwan tutiya da ruwan sama ya shiga tsakanin naɗinsa a tashar jirgi ko a bayan tirela yakan fito da farin gari a jiki. Ka nuna shi kafin ka ɗora, a ɗauki hoto, domin bayan an tsaga za a ce a hannunku ya lalace.

Ban ga injinku ba, kuma injina sun bambanta. Akwai wanda ganga ce kawai ke jan ƙarfe ta cikin wuƙa, babu rami, akwai wanda wuƙar ke da motarta. Lambobin da na ba ka na farawa ne. In akwai jadawalin tazara da ya zo da injin, ko wanda mai jera wuƙaƙenku ya gwada ya tabbatar, shi za a bi. Sannan ka bincika a ofis ko sunanka yana cikin waɗanda aka yi wa rajista da NSITF, hukumar gwamnati da ke biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani biyan kuɗin, ba a cire shi daga albashinka, kuma waɗanda aka ɗauka ta hannun ejan su ne aka fi mantawa da su.

Game da oga, kada ka je masa da musu. Sami ɗan littafi, kowane koyil ka rubuta lambarsa, faɗinsa, kaurinsa a gefe da tsakiya, awon hagu da dama da ka yi kafin ganga ta kama, da faɗin sharar kowane gefe a farko da ƙarshe. Ka ajiye guntun bakin tsagi daga kan koyil da wutsiyarsa, ka rubuta lambar a jiki da maka. Ranar da kaya suka dawo, ka ɗauko littafin da guntun, ka ce masa ranka ya daɗe ga abin da na auna, a kira mai jera wuƙa a duba tare.